Iska a Birkin Yaya

Shekarar da aka fara Shari'a aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, sai fasinja ya yi ƙaranci a cikin Kaura. Yayana, da yake ɗan kabu-kabu ne, ya koma bin hanyar Kasuwar Daji, yana ɗauko mutum da buhu, wani lokaci har da akuya. Da wannan babur yake ciyar da gidansa. Babur ɗin ɗan Kwatano ne, birkin gabansa na mai ne, kuma idan iska ta shiga sai ka matse birkin ya tafi lakwas, taya na ta juyawa.

Cire iskar aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya matsa ya riƙe, ɗaya ya tsuguna ya sassauta ɗan noti da sifana, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure kafin na sama ya saki. In aka saki da wuri, iska ta koma.

Wata rana da hantsi ya kira ni ƙofar gida.

"Taho, ɗan yaƙi da jahilci, mu gani in sun koya maka kwance noti."

Na tsuguna. "Matsa, Yaya. Riƙe."

Na buɗe, kumfa ta fito. Kafin in ɗaure ya saki. Muka sake, muka kuma sakewa, har man kwalbar ya kusa ƙarewa.

"Yaya, sakinka na riga ni."

"Kai ne da nawa, sai ka ce mai tatsar saniyar wani."

Na ɗaga kai zan rama, sai na ga ya ɗora hannun hagu kan na dama yana danne yatsun. Na daman ba ya kamawa. Yatsu biyu ko lanƙwasa ba su yi.

"Tun yaushe?"

Ya kalli hanya. "Tun farkon damina. Da birkin ƙafa nake tsayawa. Kak ka faɗa wa Inna."

Na ce to ya tsuguna, ni in riƙe. Sifanar ta suɓuce masa cikin ƙasa. Maƙwabcinmu na kira muka ƙarasa, birki ya yi tauri, na zare makullin na sa a aljihu.

"Ba ni abina, ƙanen banza."

Na ce da wannan hannu ba zai ƙara ɗaukar ɗan kowa ba.

Ranar kasuwa ni na fita da babur ɗin, na bar gerona cikin ciyawa. Yana zaune a dakali, bai ce mini a dawo lafiya ba. Kafin lokacin kaka, Yaya ya fara jan ƙafar dama ma.