Rijiyar da ke Gonar Inna Uwaliya

Malam Bashari ya yi shekara talatin da ɗaya yana malamin gona tsakanin Gwarzo da Kabo. Ya kashe babur uku da keke biyu, sannan ya yi ritaya ya koma tafiyar ƙasa. A Kara aka haife shi, a Kabo ya yi gida. Mutum ne da ba ya iya wuce abu bai ƙirga ba. Ya san darbejiya nawa ce daga ƙofar gidansa zuwa masallaci, ya kuma san guda nawa aka sare bara.

Abin da ya ɗauke masa hankali bayan ritaya shi ne waƙoƙin marigayi Malam Ƙasimu, wani malamin allo na wani ƙauye kusa da Dugabau, wanda ya rasu tun kafin a haifi Bashari, ya bar waƙoƙi da ajami da tsofaffi ke rerawa har yau. A doguwar waƙarsa ɗaya, malamin ya ambaci wurare bakwai da yake tsayawa idan ya taso daga Kabo zai koma gida. Shekara biyu Bashari ya yi yana neman su: tsamiya, mashigin rafi, kangon wata makaranta, da sauransu. Ya jera su, ya taka da ƙafarsa, taku dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu. Labari ya kai Kano, ɗalibai suka fara zuwa, biyu-biyu, uku-uku, yana gaba da sandarsa suna biye.

Wuri na shida shi ne zuciyar tafiyar: tsohuwar rijiya inda aka ce malamin ke zama ya yi rubutu. Tana tsakiyar gonar jikarsa, Inna Uwaliya, tsohuwa mai kusan saba'in. In babu rijiyar nan, tafiyar yawo ce kawai.

Wata Asabar bayan girbi ya zo da baƙi huɗu. Ɗaya daga ciki, dogo mai wushirya, Lukuman, ya tambaye shi ko daga layin gamban nan na iyaka zuwa wancan ƙarshen taku nawa ne. Daɗi ya kama Bashari, yau ya sami irinsa. Ya naɗe babbar riga, ya bi iyakar gonar yana ƙirgawa da ƙarfi, Lukuman na biye da waya a hannu.

To, a ƙauyukan nan mutum biyu ne kawai ke bin iyakar gona suna ƙirga taku: mai saye da mai rabon gado. Bashari ya fi kowa sanin haka. Murna ce ta rufe masa ido.

Da ya dawo mako na gaba, ya tarar an toshe hanyar rijiya da ƙaya. Waɗanda a da suke jan gaisuwa da shi har su tambayi gwiwarsa, yanzu "lafiya lau" ɗaya suke ba shi su juya. Kafin azahar mai unguwa ya aika a kira shi. Inna Uwaliya na zaune a gefen zaure, ta amsa gaisuwarsa daga farko har ƙarshe ba ta rage ko ɗaya ba, sannan ta ce, "Malam, faɗin ne ban ji ba."

"Faɗin me, Inna?"

"Tsawon dai ɗari biyu da goma sha bakwai ka ce, ina bayan danga na ji. Tunda ka fara, ka ƙarasa mini, in san abin da zan rasa."

Ya rantse, ya yi bayanin waƙa, ya fito da takardunsa. Ita kuwa ta gaya wa mai unguwa cewa shekara uku ke nan 'ya'yan yayanta da ke Kano suna matsa mata a raba gonar a sayar, kuma kowa ya san aikin da wannan bawan Allah ya yi wa gwamnati. Ta nemi ya faɗi sunayen baƙinsa. Da ya zo kan Lukuman, sai ta ce ta san wushiryar nan. Ta gan shi a wani suna a gidan yayan nata, yana raba goro kamar ɗan gida.

Bashari ya shiga lissafi a ransa. Tambaya huɗu yaron ya yi masa ranar, babu ko ɗaya kan waƙa. Bai leƙa rijiyar ba. Kuma bai kai wuri na bakwai ba, ya ce ana jiransa a Gwarzo.

Bai ƙara kare kansa ba. Ya ce, "Inna, na yi ganganci," ya ɗauki sandarsa.

Mako bakwai bai fita da kowa ba. Mutum tara suka kira shi, ya sallame su duka, don yanzu duk wanda ya ce ɗalibi ne, sai ya ji kamar dillali ne ya sako farar riga. Sau uku ya taka har ƙauyen, gaisuwa kawai, bai ambaci rijiya ba. A na ukun ne Inna Uwaliya ta ba shi tabarma. Ta ce ƙayar ba za ta tashi ba. Mai son ganin rijiyar kakanta ya biyo ta ƙofar gidanta, ya gaishe ta, ya faɗi sunan ubansa da unguwarsu, ya ajiye wayarsa a ƙwarya, ita za ta shige gaba.

Haka ake yi har yau. Rukunin farko mutum uku ne. Biyu ta bari suka shiga. Na ukun ya yi jim kafin ya faɗi unguwarsu, ta ce ya jira a zaure. Ya dubi Malam Bashari ko zai sa baki. Malam Bashari ya ce masa akwai ruwa a randa in yana jin ƙishi, ya bi bayan tsohuwa.