Ranar da Malam Habu Ya Mai da Ni Kaya

Duk wanda ya zauna a Shahuci ya san marigayi Malam Habu, malamin fiziks na makarantar 'yan mata, ba ya ganin abu ya motsa ya ƙyale shi. Ko ƙofa ce ta rufe kanta sai ya tsaya ya ce, "Wa ya tura ta?" Ni kuwa Ɗan'asabe mai turin amalanke a Ƙofar Wambai, da na gudu daga firamare tun ban gama koyon rubuta sunana ba, Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da shi.

Wata rana muna cikin a-daidaita-sahu direba ya taka burki, goshina ya daki ƙarfe ƙwal! Ina jiran sannu, sai na ji, "Madalla! Ka gani? Babur ya tsaya, jikinka bai tsaya ba. Direba, sake yi, bai gane ba."

A shekarar nan shugabar makarantarsu ta kira shi ta ce 'yan ajinsa faɗuwa suke yi, kayan gwaji kuma babu. In aka sake faɗuwa, za a rufe ajin a raba yaran. Ya dawo gida yana huci. "Haddar tsiya suke yi, Ɗan'asabe, ba su taɓa gani da ido ba. Wallahi sai sun gani."

Gwajin farko a gidansa aka yi. Ya tara yaran a tsakar gida, ya hau saman soro da lemo a hannun hagu, kabewar matarsa Inna Larai a dama. Ya sake su. Fash!

"Malam! Kabewar taushen ce fa!"

"Larai, tare suka iso ƙasa ko ba tare ba?"

"Tare suka iso. Kai kuma yau gayan tuwo za ka ci."

Ya ci gayan nan yana murmushi kamar an ba shi naman kaza.

Bayan kwana biyu ya ce in kai amalankena makaranta. Yara biyu suka tura shi babu kaya, ya ruga fiii. Sai Malam ya dube ni.

"Shiga."

"Haba Malam, da furfurata?"

"Shiga mana! Ɗalibai, ga nauyi nan."

Ni da na yi rayuwata ina turin kayan mutane, yau ni ne kayan! Yaran suka tura da ƙyar. Ya ce, "Ƙarfin bai canza ba, nauyi ya ƙaru, ɗaukar gudu ta ragu. A ƙara hannu!" Rabin aji suka taso. Ashe filin gangare ne. Suka tura suka saki.

"Malam, tsayar da ni!"

"Ba zai tsaya ba sai wani ƙarfi ya tsayar da shi!"

Katangar banɗaki ce ta tsayar da ni. Ina kwance ƙafa a sama, hula a kwata, na ji shi yana cewa, "To, kun ga ƙarfin. Ku rubuta."

Da sakamako ya fito, ciwo ya riga ya kwantar da shi a zaurensa. Na shiga da gudu na ce, "Albishirinka! An ci, ba za a rufe aji ba!" Ko goro bai ce ba. Cewa ya yi, "Su wa suka faɗi?" Na ce ai 'yan kaɗan ne. Ya ce, "A kawo min su."

Aka kawo su. Mutumin da ba ya iya tashi zaune sai an tallafe shi, ya ɗauki kwalbar maganinsa ya gara ta a kan siminti ta yi nisa, ya gara ta a kan tabarma ta cije. Inna Larai ta ce, "Malam, maganinka ne fa." Ya ce, "Ni dai bai yi min komai ba, bari ya yi wa yaran nan amfani."

Bai ga sakamakonsu ba. Mun kai shi makwancinsa kafin su sake zama jarrabawar. Ranar da sakamakon ya fito, dukansu sun ci. Suka zo zauren da gudu, suka tsaya a bakin ƙofa ba su san wa za su faɗa wa ba. Ni suka faɗa wa.

Allah ya jiƙan Malam Habu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya sa abin da ya koya wa yaran nan ya riƙa isa gare shi. Amin.