Ƙirjin Sodangi da Hannun Badaru

Ina zaune a bakin ƙofar ɗakin Gazali, na miƙe ƙafafu na tare hanya, sai wayata ta yi ƙara. La'asar ta yi sanyi, iska tana kawo mana kiɗan kalangu daga gidan dambe jefi-jefi. Sakinatu ce, matar Sodangi, daga asibiti. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Malam Lawali, abokinka ya cika."

Na yi salati, na sake yi. Gazali, ɗan marigayin, yana zaune a gefen katifa da kansa cikin gwiwoyi, bai ji abin da aka ce ba, fuskata kawai ya kalla. Na so in tashi in rungume shi, amma ban tashi ba, domin wanda ya zaunar da ni a bakin wannan ƙofa bai ce in tashi ba tukuna.

Sodangi mahauci ne ɗan mahauta, haifaffen Ƙofar Dundaye. Tare muka yi allo da shi, tare muka bar firamare ba mu gama ba, shi ya koma teburin naman mahaifinsa, ni na koma dukanci. Gajere ne mai faɗin ƙirji, mai dariya har da buga cinya. Ba ya sallamar tsohuwa sai ya jefa mata ƙashin miya a kan gyara, kuma duk kuliyoyin unguwa sun san lokacin da yake kankare katako.

Da ƙuruciya ya taɓa dambe, kamar yadda 'ya'yan mahauta kan yi. Bai daɗe ba wuyan hannunsa ya karye, ɗorin kuma bai kama daidai ba. Wani da sai ya bar fage. Shi ya koma ɗaure wa 'yan dambe hannu. Aiki ne da ake rainawa, amma ba kowa ya iya ba. Ana naɗa tsumma a dunƙulallen hannu, sannan a bi da zare, zagaye bisa zagaye. In ɗauri ya yi tsanani hannu ya mutu, in ya yi sako-sako yatsu su karye. Sodangi yana da tasa hanyar gwaji. In ya gama ɗauri sai ya rungume wani matashin fata a ƙirjinsa, ya kafa ƙafafu a ƙasa, ya ce, "Gwada." Ɗan dambe ya kai naushi ɗaya. Daga yadda ya sauka yake sanin ko zare ya zauna. Ni na ɗinka masa matashin da jar fatar akuya, na cusa masa audugar rimi, kuma duk lokacin da ya fashe wurina yake dawowa.

Ta haka ƙirjin abokina ya ɗanɗani hannun manyan 'yan dambe na zamani uku. Shi ya sa duk gardamar da ta tashi a majalisarmu ta gindin dogon yaro, a kan wa ya fi nauyin hannu tsakanin na da da na yanzu, wurinsa ake kawo ta. Har masu kallon damben Turawa a talabijin, na ƙattin nan masu safar hannu, sukan zo su tsoma baki. Shi kuwa amsarsa ba ta canzawa.

"Illo Gatari," yakan ce, yana nufin gwanin da aka yi muna samari, "in ya buge ka ba ka jin zahi sai gobe. Abin da za ka gani kawai, ƙasa ta taso ta same ka. Mansur Bahago da ya biyo bayanai, nashi awa harbin kunama, wuri guda shike shiga, amma ba shi ture mutum."

"To, na yanzu fa, Baba Sodangi?"

"Yaran yanzu? Hannun dama hura. Sun ɗaga ƙarhe sun kumbura, ana aza su bisa sikeli awa buhun gero, nauyin duk ya tsaya ga ciki bai kai ga hannu ba. Tun da Illo ya kwanta dama, ba a yi wanda ya ɗaga ƙahwata daga inda na aje ta ba."

Sai a yi ta dariya, samari su ce tsufa ne, shi ya ce su kawo hannu a gwada. Ni na san rabin maganar wasa ce, rabi kuma kewar ƙuruciyarsa ce da mutanen da suka tafi. Abin da ba mu lura da shi ba, akwai wanda ya taso a gefen teburin nama yana jin wannan magana kullum, kuma shi bai ɗauke ta wasa ba.

Gazali ne kaɗai ɗa namiji a gidan, ya zo bayan mata huɗu. Ya tashi siriri mai zafin nama, ya fara dambe a ƙananan fagage na Unguwar Rogo, ya yi kisa kaɗan, wato ya kai abokan karawa ƙasa, makaɗa suka fara sanin sunansa. Sodangi da kansa yake ɗaure masa hannu, yana ɓoye murna.

Sai Badaru ya sauka a gari. Ƙato ne daga ƙauyukan arewa, mai dakon buhuna a kasuwa, mai ladabi da ƙarancin magana. Ranar da Sodangi ya fara ɗaure masa hannu, ya shigo shagona da yamma ya zauna. Can ya ɗaga rigarsa. Wurin da matashi ya tsaya ya yi baƙi ƙirin.

"Lawali, rabin hannu na wanga. Kunyata ya ji, bai saki duka ba."

Na yi dariya, na zaci zolaya ce.

"Kada ka yi dariya. Illo bai kai nan ba. Ko kusa."

Bai faɗa a majalisa ba. Mutum ba ya son ya rushe da bakinsa abin da ya yi shekaru yana ginawa, kuma a lokacin bai ga wanda shirun zai cuta ba. Ba a jima ba Badaru ya kara da wani saurayi, a turmin farko, wato zagayen farko, aka ɗauke saurayin a kan hannu. Ya rayu, amma bakinsa ya karkace, har yau maganarsa ba ta fita sosai. Mutane suka ce tsautsayi ne, ya faɗi ba daidai ba.

Ana cikin haka, wata yamma gidan dambe ya cika, Gazali ya fito tsakiyar fage ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya nuna Badaru. Makaɗa suka ɗauka, masu waya suka ɗauka, aka sa karawar ranar babban wasa na bayan Sallah. Sodangi yana durƙushe a gefe da zare a hannu. Na ga zaren ya suɓuce ya warware a ƙasa.

Ina nan lokacin da ya zaunar da yaron a zaure.

"Gazali, ka janye. Wanga mutum ba tsaranka ba na."

"Baba, ai kai ka ce nauyinsu ga ciki shike."

"Na ce. Wanga daban na."

"Da anka kawo Nura Dogo ma haka mutane sunka ce, kai ka ce hannun dama hura. Kuma na kashe shi."

"Na ji hannun Badaru ga ƙirjina."

Gazali ya yi murmushi, kansa a sunkuye. "Ya ɗaga ƙahwarka?"

Badaru bai ɗaga ta ba, kuma Sodangi ba zai yi wa ɗansa ƙarya ba.

"To, Baba, tausayi na kawai. Ka yi man addu'a."

Daga ranar abokina ya daina cin abinci kamar mutum. Ya tsaya a majalisa ya ce Badaru ya fi Illo, ya fi Mansur, ya fi duk wanda ya taɓa sani. Aka tuntsire da dariya, wani ya ce, "Yau kuma, da yake ɗanka za shi shiga?" Ya je wurin mai shirya wasa, aka ba shi kujera da ruwan sanyi, aka ce sanarwa ta riga ta fita, sai dai in yaron ne ya janye da kansa. Ya sa Sakinatu ta yi wa ɗanta kuka, Gazali ya share mata hawaye, da asuba ya fita gudu kamar kullum. Uban ya ce ba zai ɗaure masa hannu ba, yaron ya ce ba komai, akwai masu ɗauri, sai Sodangi ya ƙara firgita, don ya san ɗaurinsu.

Na ce masa, "Kai uba na. Ka ce ba ka yahe ba in ya shiga."

Ya kalle ni da idanu jajaye. "In na hwaɗi kuma kiɗi ya ja shi ya shiga fa? Na haɗa mai biyu ke nan, hannun Badaru da bakina. A'a, Lawali. Wanga ɗaya ma ya ishe shi."

Ana saura 'yan kwanaki a yi wasa, Sodangi ya aika wa Badaru ya zo zaurensa da hantsi, wai yana son gwada sabon zare. Ya kira Gazali ya riƙe masa ƙwaryar ruwa, ni ma ya ce in zo in duba ɗinkin matashi. Ya yi ɗaurin a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka, bai taɓa yin mai kyansa ba. Ya rungume matashi, ya kafa ƙafafu.

"Gwada."

Badaru ya taɓa kaɗan.

"Mi na wanga? Sauro ka kashewa? Saki hannu."

"Baba, ya isa haka. Ɗauri ya zauna."

"Ni ka hwaɗin ya zauna, ba kai ba. Ashe gaskiya ta, ƙaton banza, tuwo kawai ka iya. Illo da shina raye da goyo zai yi da kai. Ko tsoron tsoho kake ji gaban yaro?"

Badaru ya dubi Gazali, Gazali yana murmushi. Na ga wuyan ƙaton ya kumbura. Ya ja da baya, ya juya kafaɗa, ya sako hannu tun daga ƙugu. A daidai nan Sodangi ya sassauta hannuwansa, matashi ya zame zuwa cikinsa. Da idona na gani. Ba kuskure ba ne.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Abokina ya bar ƙasa, bayansa ya bugi bangon zaure, ya sulale. Ƙwarya ta faɗi daga hannun Gazali. Badaru ya durƙusa yana ƙoƙarin kwance zaren da haƙora, yana cewa, "Baba, mi ya sa? Baba, mi ya sa?" Shi ya ɗauke shi kamar yaro har bakin titi, muka tari keke napep.

A asibiti aka ce haƙarƙari sun karye, jini ya taru a ƙirji, ga shekaru, ga hawan jinin da ya daɗe yana ɓoyewa. Da ya farfaɗo bai tambayi jikinsa ba, ɗansa ya nema. Gazali ya zo ya tsaya a gefen gado, amma ba tsoro muka gani a fuskarsa ba. Ya ce sai ya rama wa ubansa a gaban jama'a.

Ban taɓa ganin Sodangi ya yi kuka ba sai ranar. Numfashi yana yanke masa, ya kama rigar yaron.

"Ni na sauke matashi. Tambayi Lawali. Wanga bawan Allah bai da laihi. Na yi don ka gani, tun da ka ƙi ji. Ka gani ko ba ka gani ba?"

Gazali ya ce, "Na gani, Baba."

"To, ka zamna gida."

"Zan zamna."

Ya cika alkawari. Ranar wasa makaɗa suka yi ta kiran sunansa har rana ta faɗi, bai motsa daga gefen katifa ba. Daga baya muka ji Badaru ma bai je ba, yana zaune a ƙofar asibiti tun safe. Amma Sodangi bai san haka za ta kasance ba. Shi ya san abin da kalangu yake yi wa ƙafar ɗan dambe, ya san alkawari a bakin gadon asibiti daban, jin kirarinka a iska daban. Shi ya sa da na je duba shi da azahar ɗin ranar, ko zama bai bari na yi ba. An sa masa robar numfashi a hanci, muryarsa ta koma kamar ta mai raɗa.

"Ina yaron?"

"Shina gida."

"Ka gane shi da idonka?"

"Da idona. Shina kwance ɗaki."

"To mi kake yi nan? Tahi ka zamna bakin ƙohwa. Kada ka tashi sai kiɗi ya mutu."

"Sodangi, bari in zamna da kai kaɗan. Jikin nan naka ban so ganinai haka ba."

"Ni ina za ni, da robobi ga hanci? Shi ka da ƙahwahu."

Na kama hannunsa, wanda ya karye tun muna samari, ya yi sanyi. Ya matse nawa kaɗan, sannan ya ture shi.

"Tahi, Lawali."

"To, sai na dawo."

"Sai ka dawo."