Rigar Sanyin Baba Yohanna

Shekara shida ke nan cif da rasuwar Dakta Yohanna, wanda kowa a wurin aikinmu na Shabu ke kira Baba Yohanna. Na so in yi yadda na saba duk shekara, in je garinsu Obi in gaida matarsa Mama Rifkatu, in dawo abina shiru. Amma a makon jiya wata takarda ta iso teburina, irin wadda ta haɗa ni da shi tun farko, sai na ga idan ban yi wannan rubutun ba zuciyata ba za ta bar ni in sake ba.

Ni ba dakta ba ce, ba kuma farfesa ba. Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce ni, mu ne masu wanke kwalabe da auna sinadari da shirya wa malamai kayan aiki. Shi kuwa babban malami ne a fannin adana amfanin gona, kuma babu abin da ya tsaya masa a rai kamar riɗi. Manomanmu su sha wahala su noma, a kai shi ƙasashen waje, a ce wai akwai gubar fumfuna a ciki, mu kuma ba mu da yadda za mu auna tun daga gida. Abin haushin shi ne muna da na'urar da ke wannan awon. Kyauta aka ba mu, ba wanda ya iya sarrafa ta, muka lulluɓe ta da tsohon zanen gado kamar mai zazzaɓi, ta yi shekaru a lungu.

Baba Yohanna ne ya gano wata gidauniya a Turai da ke ɗaukar nauyin musayar ma'aikatan bincike. Ma'aikacinku ya je jami'arsu ya yi watanni, nasu ma su zo wurinku. Sai kun samo jami'ar da ta yarda ta yi tarayya da ku, kun kawo takardar amincewar shugabanni, sannan kun rubuta sunan wanda zai tafi da abin da zai je yi. A karon farko an jera sunaye yadda muka saba jera komai, daga babba zuwa wanda ke bi masa. Sunan Baba na sama. Bai taɓa ƙetare iyakar ƙasar nan ba, don haka bai ma jira amsa ba ya je ya yi fasfo, ya shiga 'yan gwanjo a kasuwar Lafiya ya sayo wata ƙatuwar rigar sanyi baƙa mai kai wa gwiwa.

Ba zan manta ranar da ya shigo ofis da ita a jikinsa ba, ana tsakiyar zafin bazara, gumi na zuba masa har wuya. Na ce, "Baba, ai ko sanyin ne ya hango ka sai ya koma gida!" Ya juya hagu ya juya dama yana nuna mana aljifai, muna ta dariya har da riƙe ciki. Bayan wasu watanni amsa ta zo, ba a ba mu ba. Masu tantancewa suka ce sun ga manyan sunaye, amma ba su ga wanda zai dawo ya tsaya kan na'ura kullum ba.

Da shekara ta zagayo ya sake nema. A wannan karon jami'ar can ta ce mutum ɗaya za ta iya karɓa, na wata uku. Babu wanda ya yi tantama a kan waye mutumin. Shi ya rubuta wasiƙu, shi ya yi ta hawa acaɓa tsakanin Shabu da cikin gari yana farautar sa hannu, kuma saura shekara biyu ya yi ritaya. Idan bai je a lokacin ba, shi ke nan.

Wata safiya ina wanke kwalabe ya tsaya a bakin ƙofa. Hausarsa irin ta Lafiya ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa.

"Safiya, kana da fasfo?"

Na ce, "Baba, me zan yi da fasfo? Iyakacina Kano, gidan kakannina."

"To gobe ka je ka yi. Sunanka zan sa."

Wallahi na ɗauka tsokana ce, ramuwar dariyar da na yi wa rigarsa. Sai da maganar ta kai taron sashe na san da gaske yake. Ran mutane ya ɓaci, har wani ya ce yanzu daktoci na zaune za a tura mai wanke kwalba? Ina bayan ɗakin, na rasa inda zan sa fuskata. Baba bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannuwansa biyu a kan tebur, kowa ya ga yadda tsufa ya sa suke ɗan rawa. Ya ce idan ya je ya koyo, nan da shekara biyu zai tattara ilimin ya koma da shi Obi, na'ura kuma ta koma ƙarƙashin zanen gado. Ya ce duk wanda ya yarda zai dawo ya riƙa zama gabanta daga safe zuwa yamma ya ɗaga hannu, sunansa zai sa. Ba wanda ya ɗaga.

Kada mai karatu ya zaci daga nan sai daɗi. Baba ya ce ni zan rubuta nawa ɓangaren da hannuna, kuma sau bakwai yana dawo mini da shi jajur da biro. Ni na cika takarda da ba mu da kaza, muna fama da kaza, a taimaka mana. Ya buga yatsa a kai ya ce, "Wannan roƙo ne. Mu ba roƙo muka je ba, musaya ne. Rubuta abin da za su samu a wurinmu." Ranar na ji haushinsa ƙwarai, na yi ta share hawaye a cikin keke har gida, ina cewa wa ya roƙe shi ya sa ni. Amma na zauna na rubuta abin da muke da shi: gonaki, manoma da suka yarda da mu, irin riɗi kala-kala, da sanin yadda ake shanya shi da adana shi a ƙauyukanmu. Ina rubutawa ina mamaki, ashe mu ma muna da abin bayarwa.

Aka ba mu. Ana saura kwana biyu in tashi ya zo da jakar leda ya ajiye a gabana. Rigar ce. Na ce, "Haba Baba, ta maza ce fa, kuma ta yi mini yawa." Ya ce, "Naɗe hannun." Haka na yi wata uku a ƙasar mutane cikin rigar Baba Yohanna a kan hijabina, hannu a naɗe sau uku. Sanyi bai taɓa ni ba.

Da na dawo, shi da kansa ya yaye zanen gadon. Riɗin farko da na auna daga gonar Mama Rifkatu ya kawo shi, cikin ƙullin leda, ya tsaya a bayana yana leƙe har sakamako ya fito. Baƙinmu biyu daga jami'ar can ma sun zo, ya yi ta yawo da su gonakin Obi yana alfahari. Bai kai ga ritayar ba. Ciwo na 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Bayan an binne shi Mama Rifkatu ta nuna mini fasfonsa, fes, babu tambari ko ɗaya a ciki. Ta ce ranar da ya sauya sunan ya dawo gida bai ci abinci ba. Ashe abin ya yi masa ciwo, bai dai bari mun gani ba. Wannan ne ya fi komai sa ni kuka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na tabbata zai ji daɗin ganin 'yan kasuwar riɗi na kawo samfuri Shabu kafin su yi lodi. Zai yi dariyar yadda yanzu muke taro da Turawa ta waya, muna ganin juna, ba sai an jira wasiƙa ba. Amma zai ɓata rai da masu ɗaukar wannan musaya a matsayin hanyar tsira, su tafi wata uku su ɓace, su bar na baya da kunya. A wurinsa dawowar ita ce rabin tafiyar.

Takardar da na ce ta iso teburina sanarwar sabon zagaye ce, kuma yanzu ni ce shugabar ɗakin gwaje-gwajen. Bari in faɗi gaskiya: sunana na fara rubutawa. Na yi marmarin komawa, kuma babu wanda zai ce ban cancanta ba. Kwana uku sunan na nan. Alhali Tabita, abokiyar aikina, ita ce ke tsaye kan na'urar yanzu, ni taro ya cinye ni. Sai yanzu na san nauyin abin da Baba ya yi, don da ƙyar hannuna ya goge sunan nan.

Jiya na kira ta na miƙa mata jakar leda. Ta zaro rigar ta ɗaga, ta ce, "Anti Safiya, ko takardar ba mu tura ba fa."

Na ce, "Mai ita ma bai jira amsa ba."

Ta gwada, hannuwanta suka ɓace a ciki. "Ta yi mini yawa."

"Ni ma ta yi mini yawa," na ce da ita. "Naɗe hannun."

Na gode, Baba Yohanna.