Musun Babana da Malam Bulus

"Malam Bulus, in Najeriya ba ta shiga Laberiya ba, wa zai shiga? Ai mu ne manya!"

Haka Babana yake cewa kullum bayan la'asar, a ƙofar gidanmu a Gumel. Malam Bulus maƙwabcinmu ne, malamin gona daga Filato, ɗansa Yohanna kuma soja ne da aka tura yaƙin Laberiya. Sai Malam Bulus ya ce, "Alhaji, rediyon gwamnati nasara kawai yake faɗa, ba ya faɗin waɗanda suka mutu."

Wata rana wani soja ya zo da jakar Yohanna, ya ce ya rasu.

Gidansu ba fili, sai Baba ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofarmu, ya zauna kusa da Malam Bulus suna karɓar gaisuwa. Can ya ce, "Malam, ka yafe mini maganganuna."

Malam Bulus ya riƙe hannunsa. "Alhaji, ai Yohanna ma ra'ayinka gare shi. Har ya tafi da ni yake musu."

Yau a kafafen sada zumunta ana goge rubutu, muna toshe juna kan yaƙi. Ku fa, wa kuka saɓa da shi amma ya zauna muku ranar kuka?