Jarfar Mahaifiyata

Duk lokacin da ƙanshin man shanu ya bugi hancina, sai hannuna ya kai gefen bakina ban sani ba. Da za ka ƙura mini ido ba za ka ga komai a wurin ba, sai in ka taɓa.

A Bauranya na tashi, a ɗakin kakata ta wajen uwa. Mahaifiyata ta rasu ina goye, ba ta bar ko hoto ba. Abin da kawai mata ke faɗa shi ne fara ce, mai jarfa siri-siri a gefen baki. Ni kuwa baƙa ce wuluk, ubana sak. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta dube ni ta ce ban ɗauko komai nata ba. Maganar nan ta ci mini rai ƙwarai. So nake a dube ni a tuna da ita, ko sau ɗaya ne.

Na dami kaka da kuka har ta aika garin Yashe aka kira wanzamin da ya yi wa mahaifiyata jarfa. Ya juya fuskata a rana, ya girgiza kai.

"Iya, hwatar nan shanye baƙi takai. In ba a kula ba, ko ta ɓace ko ta tashi."

Ya tsattsaga da bakin aska, ya goga baƙin tukunya, ya kafa mana doka: ba rana, ba wanke fuska, ba susa, har ɓawon ya faɗi da kansa.

Zafin aska wasa ne a kan zaman da ya biyo baya. Damina ce, kowa ya tafi gona, gida ya yi tsit. Ina jiyo sa'o'ina suna wasa a bakin kududdufi, ni ina ɗaki da kaji da ƙaiƙayi. Da kaka ta ga yatsuna ba su da amana, sai ta naɗe mini hannuwa da tsumma kamar mai ƙunshi. Safe da yamma takan narka man shanu ta ɗiga mini da gashin kaza, tana tsokanata wai an yi wa tukunya kwalliya da baƙi.

Ranar da ɓawon ya faɗi na ruga wajen madubi. Wanzami ya yi gaskiya. Baƙin ya shige cikin baƙi, sai 'yan layuka da suka ɗan tasa. Na zauna bayan rumbu ina kuka.

Nan kaka ta same ni. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, da hannu take gane mutane. Ta shafa fuskata, yatsunta suka tsaya a kan layukan. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Ɗiyata," ta ce a hankali. Na san ba da ni take ba.

Yanzu an bar jarfa, malamai sun yi wa'azi a kanta, 'yan mata sai zanen lalle mai fita cikin mako. Kwanaki a Kankia jikata ta shafa wurin, ta tambaye ni ko ƙonewa na yi ina ƙarama. Na buɗe baki zan ba ta labari, sai na tuna duk duniya babu sauran wanda ya san fuskar da nake nufi. Ni ma ban san ta ba.