Kunnen Dama na Baba

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar bazara, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, aka yi bikin Yaya Hadiza, ɗiyar maƙwabcinmu. Har yanzu ina ganin filin a idona. An share ƙofar gidansu an yayyafa ruwa, an jera bencinan da aka aro daga makarantarmu, rana ta karkata bayan la'asar amma ƙasa ba ta daina ƙona tafin ƙafa ba, ga warin albasa daga rudu, rumbun ajiyarta da ke bayan gidan, ya gauraye da hayaƙin janareta. A gindin dogon yaro mahaifina ya kafa teburinsa, manyan lasifikoki biyu suna gefe da gefe. Ni kuwa ina tsugune a jikin teburin da sabuwar atamfa ina ta hura hanci, don duk 'yan matan garin sun san mai sautin nan ubana ne. Abu ɗaya ne ya bambanta ranar da sauran ranakun biki, shi ne ƙarƙashin teburin Baba wayam yake.

Mahaifina, Malam Sahabi, manomin albasa ne a fadamar da ke ƙasa da dam ɗin Goronyo. Da zarar an cire albasa an kai kasuwa sai aure ya ɓarke a ƙauyuka, shi kuma ya ajiye fartanya ya koma mai sauti, irin waɗanda yanzu ake kira DJ. Yakan loda kayansa a amalanken shanu ko a-kori-kura, yau Rimawa, gobe Sisawa, wani lokaci har Tursa. Sana'ar ta riƙe gidanmu, amma ta cinye masa kunnen hagu, saboda shekarun da ya yi yana zama a jikin lasifika. Mu yaran gida mun san wannan sarai, kuma mun ci moriyarsa. Idan alewa kake so sai ka zagaya ta dama, idan kuwa tulu ka fasa sai ka tsaya ta hagu ka faɗi gaskiya da ƙarfinka, ka wuce abinka. Kunnen daman nan Baba ya fi lallaɓa shi a kan komai. Yana toshe shi da auduga idan zai kunna kaya, yana juya shi nesa da lasifika, idan kuma faɗa ya tashi a filin biki, abin da ba baƙo ba ne, kafin ya taɓa komai sai ya rufe shi da tafin hannu ya duƙa. Yakan ce mana, "Shi ɗai ya rage min, kuma da shi nika cishe ku."

Baba ba ya fita biki sai da kayan ko-ta-kwana. Kowace Juma'a da yamma sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida a baje kaya kamar kasuwa, Inna tana korar kaji tana mita cewa an hana ta wurin daka. Amfilifaya biyu, rediyon kaset biyu, batirin mota cike da caji ko da janareta zai yi tari, filogi da fiyus a cikin gwangwanin madara, ga wayoyi a nannaɗe. Yayyena maza su ke goge filogi da tsohon buroshin haƙori, ni kuma aikina in zura biro a cikin kaset in ta juyawa har waƙa ta dawo farko. Shi kuwa sai ya karkata kai, ya miƙa kunnen dama, ya gwada kowane abu ɗaya bayan ɗaya. A filin biki amfilifaya ta biyu a ƙarƙashin tebur take zama da wayoyinta a haɗe. Na sha ganin ta sama ta mutu, ya sunkuya ya sauya, masu rawa ba su ko lura ba.

Ba son wahala ke sa shi haka ba. A yankinmu rawar biki fili-fili ake yin ta. Ƙawayen amarya su yi nasu, samarin gari su yi nasu, sannan a kira abokan ango, baƙi, a sa musu waƙar da suka zaɓa. Yanke wa mutane kiɗa a tsakiyar filinsu kuwa zagi ne da ya fi a ambaci uwar mutum, kuma ba wanda ke tsayawa tambayar ko inji ne ya lalace. Angon Yaya Hadiza ɗan wani ƙauyen masunta ne a bakin dam. Bara waccan samarinmu sun je biki can an yanke musu kiɗa, sun dawo da kumburarrun fuskoki suna rantsuwar sai sun rama. Kowa ya san da wannan maganar, har mu 'yan firamare mun yi ta a bakin rijiya.

Da safiyar bikin sai ga Baffa Ummaru, ƙanen Baba. Ya karɓi aikin wani biki a wajen Tursa alhali ko waya ɗaya ba shi da ita, ya zo a ba shi kayan ko-ta-kwana. Ba ranar ya fara roƙo ba, kuma kullum Baba hana shi yake yi. Wannan karon sai ya yi wayo, ya fara biyawa ta ɗakin Kaka, mahaifiyarsu. Ina shara na ji ta aika a kira Baba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ta ce, "Sahabi, mi na na amfanin kayan da ka kwance ƙarƙashin tebur, ƙanenka na yawo hannu sake? Bikin ga ƙofar gida shi ke. Mi ka samun ka cikin garinku? Ba shi, ka jiya." Baba ya sunkuyar da kai ya ce to. Na yi shekaru ina jin haushin Kaka a kan wannan magana, duk da na san ba mugunta ta nufa ba. Ita a wurinta rediyo biyu a hannun ɗa ɗaya rowa ce kawai. Shi kuma Baba ba a haife shi da bakin da zai ce wa uwarsa a'a ba.

Da farko komai ya tafi daidai. Ƙawayen amarya suka yi filinsu, samarinmu suka yi nasu har ƙura ta rufe ganyen dogon yaro. Amma ina lura da Baba. Yana ta fifita amfilifaya da maficin Inna, ya jiƙa tsumma ya ɗora mata, ya taɓa ta ya janye hannu. Zafin ranar ya wuce misali, kuma babu wadda za ta karɓe ta ta huta. Sai ya ɗauki makirufo ya kira baƙi da kirari mai daɗi, yadda ya saba. Suka shigo su da yawa, ƙarti masu faɗin kafaɗa irin na masu jan komar kamun kifi, wani dogo mai jar hula yana gaba. Waƙarsu ta ɗauka, dogon ya fara juyi, mata suna guɗa. Sai na ji warin roba ta ƙone, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan amfilifaya, sauti ya ɗauke ɗif. Hannun Baba ya tafi ƙarƙashin tebur da kansa, ya laluba, ya dawo.

Da a ce shirun ya ɗore, wataƙila da dattawa sun sa baki. Amma wani sakarai cikin samarinmu ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya yi fito. Dogon ya cire hularsa ya buga da ƙasa ya ce, "Da gangan anka yanke muna!" Baba ya kai makirufo baki zai ba da haƙuri, ya manta ita ma ta cikin amfilifaya take bi. Ina ganin bakinsa yana motsi, ba wanda ya ji shi. Ashe baƙin sun zo da gorori a ɓoye cikin motarsu, namu kuma sun jingina nasu a bayan danga tun safe. Benci na farko a kan wani yaro ɗan ajin yayana aka karya shi, na ga goshinsa ya buɗe jini ya rufe masa ido. Duwatsu suka fara sauka. Mata suka watse da goyo suna ihu, aka tattake tiren tuwo, aka ture wata tsohuwa ta faɗa kan murhu. Wani ya zura ƙafa cikin lasifika har gwiwa, wani ya ɗaga janareta yana ci ya maka da ƙasa. Gora idan ta sauka a kan mutum ƙararta daban ce da ta kan itace, ranar na san haka.

Na tashi zan gudu, wayoyi suka harɗe min ƙafa, na faɗi tsakanin tebur da gindin bishiya. Mutum uku suka yo kan teburin, don a ganinsu mai sauti ne ya ci musu mutunci. Baba ya riga ya duƙa, tafin hannunsa a kan kunnen dama yadda ya saba, kuma ga hanya a bayansa da zai bi ya shige gidan amarya. Sai ya gan ni. Ya sauke hannun, ya faɗo kaina, ya rungume ni da hannu biyu ya tura kaina cikin ƙirjinsa. Ban ga dukan ba, ta cikin ƙirjinsa na riƙa jin sa, kowace gora sai numfashinsa ya fita da wani gurnani. Suka dake shi a baya, suka dake shi a kafaɗa. Sai wata ta sauka a gefen kansa na dama, jikinsa ya saki gaba ɗaya, ya yi min nauyi. Wani abu mai ɗumi ya riƙa gangarowa cikin kitsona. Ina ta kiran sunansa a daidai kunnen da nake roƙon alewa, bai amsa ba.

Sai da mai gari da liman suka shiga tsakani da kansu sannan aka raba. An kai amarya a ranar ba guɗa ba rakiya. Baba kuwa aka ɗora shi a amalanken da ke ɗaukar kayansa zuwa asibitin Goronyo, daga can aka tura mu Sakkwato. Karayar haƙarƙari ta warke, ɗinkin kai ya warke, kunne dai likita ya ce sai haƙuri. Baffa Ummaru ya dawo washegari da kaya lafiya lau, bikinsa ya yi armashi, ya tsaya a zaure ya kasa shigowa. Kaka ta daina cin abinci. Da aka sallamo mu muka dawo gida, takan zauna a gefen shimfiɗar Baba tana ta magana tana kuka, shi kuma yana kallon bakinta yana gyaɗa kai.

Da ya samu ƙarfi, wata Juma'a ya sa aka shimfiɗa tabarma aka haɗa masa kayan da suka rage. Ya sa kaset, ya karkata kai, ya murɗa. Ya ƙara murɗawa har kaji suka haura katanga, kwanonin Inna suna rawa a kan kantar ɗakinta, maƙwabta suka leƙo. Fuskarsa ba ta canza ba. Ya kashe, ya naɗe wayoyin a hankali, ya aika a kira Baffa Ummaru ya kwashe duka. Daga ranar ya koma fadama gaba ɗaya, kuma ban taɓa jin ya ɗora wa kowa laifi ba.

Yanzu masu sautin biki da kwamfuta suke zuwa, waƙoƙinsu a filas, wasu a waya, ga batirin sola a gefe, abin da Baba ke cika amalanke da shi yau jaka ɗaya ke ɗauka. Bikin ma an rage shi, kafin magariba kowa ya kama gabansa saboda halin rashin tsaro da hanyoyinmu ke ciki. Ni ina aure a Wurno, nakan je gida idan an cire albasa. Ɗiyata ta fari surutu gare ta kamar ni, kuma tana son rera wa kakanta waƙoƙin makarantarsu. Sai ya ɗora ta a cinya, ya shimfiɗa tafin hannunsa a bayanta, ya lumshe ido yana murmushi har ta gama, sannan ya dube ni ya ce, "Muryatta na da daɗi, ko?" Nakan gyaɗa masa kai. Ina ma a ce ya ji ta ko sau ɗaya.